Gefe Na Biyu Na Umma Ne

Ni dai babban yatsana ne zai ja mini wata rana. Kafin kaina ya gama tunani, shi ya riga ya rubuta ya tura, har an gani an fara sa alamar kuka.

Ranar ashirin da uku ga azumin nan ne. Tun asuba ake ruwa a garin Greensboro na Amurka, irin siririn ruwan nan mai naci, bai zuba ba bai ɗauke ba. Ina ɗakina a unguwar Glenwood, asaimen ya sha mini kai, cikina yana ta waƙe-waƙe, sai wani Alhaji da ya dawo daga gida ya ajiye mini ƙunshin saƙo daga Inna Hajara, ƙanwar mahaifiyarmu. Kuka, daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa. Ina zazzage ledar sai wani abu ya faɗo ƙwas a kan tebur. Kaset. Kaset fa, na rediyo, duk ya sha yaji. A jikinsa an rubuta da biro, wani rubutu kamar kaza ta bi ta kai: “BA SABIS. Sadi da Ruky.”

Sadi yayana ne. Ruky ni ce, Rukayya in za a yi mini faɗa. Inna ta tsinci kaset ɗin ne a ƙasan adakar Umma, ta ga sunana a jiki, shi ke nan ta cusa mini cikin tsaraba ba ta gaya wa kowa ba.

Na yi tsalle, na buge gwiwa da tebur, ban ma ji zafi ba. Sai yatsa ya kama aikinsa. A guruf ɗin gidanmu na rubuta da manyan baƙaƙe: “JAMA’A NA SAMO MURYAR UMMA!!!”

Ko minti ɗaya ba a yi ba Walida ta amsa. Walida ce autarmu. Ba ta cika shekara biyu ba Umma ta rasu. Hoton Umma guda ɗaya ne a duniya, na jikin wani tsohon kati, shi ma ruwa ya taɓa shi. Murya kuwa babu, ko ta sakan ɗaya.

“Yaya Ruky don girman Allah da gaske kike? Kar ki yi mini wasa da wannan.”

A nan jikina ya yi sanyi. Ban kunna ba. Ba ni da abin kunnawa. Kuma gaskiyar magana, ban san ko muryar tana ciki ba. Zato nake.

Sai ga kiran Yaya Sadi, ba sallama ba komai.

“Ke wai yaushe za ki yi hankali? Kin saurara?”

“Ban… ina dai shirin…”

“To ranar Umma ta kashe rikodar nan take. Da kunnena na ji ta yi ƙas.”

“Kai Yaya, ka ji tsoron Allah. Wane kunne? Kai da ka riga ni kai wa ƙofar gida, takalminka ma a ɗaki ka bar shi.”

“Oho dai. In babu komai a ciki sai ihunmu, ke za ki yi wa yarinyar nan bayani. Tun ɗazu take kuka a makaranta. Kuma da a nan Inna ta bar shi, da tuni na kai kasuwa an kunna. Sai aka kai shi ƙasar da ko rediyo ba su da shi.”

Ya kashe. Na zauna ina kallon kaset, ruwa yana ɗiga a bakin taga, ɗis, ɗis. Wallahi sautin nan kaɗai ya ɗauke ni ya mayar da ni gida.

Shekara goma sha biyar ke nan, ina ’yar shekara tara. Azumin shekarar a tsakiyar damina ya faɗo mana, a garinmu can bayan Funtuwa. Wanda bai sani ba zai ce ai daɗi ne, ga sanyi ga ruwa. To ba ƙishi ne matsalar ba. Hatsin bara ya ƙare, na bana yana tsaye a gona kore shar yana kallonka kana kallonsa. Kullum da safe Umma sai ta zaga bayan gida, ta ɓare bakin masara ɗaya ta danna farce. In farin ruwa ya tsarto, sai ta mayar da ɓawon a hankali ta rufe, ta ce, “Da saura.” Kullum da saura.

Baba yana Fatakwal yana sayar da albasa. Amfanin bara bai yi kyau ba, don haka shekarar ko noma bai dawo ba. Mu huɗu ne a gida: Umma, Yaya Sadi mai shekara goma sha uku, ni, da Walida tana rarrafe.

Da sahur ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka, mai sai dai a tuna da shi. Da azumi ya kai goma, malmalar ta fara ƙanƙancewa. Da ya kai ashirin, Umma ta fara cewa ita ta ci nata a madafa. Ni kuwa da wautata na yarda. Ana idar da sallar asuba maƙwabta za su biyo da fartanyoyi, su tafi gayya gonar Baba su yi maimai, Yaya Sadi a bayansu da tasa fartanyar da ta fi shi nauyi. Kafin hantsi ya yi zafi sun dawo, ƙafafu duk taɓo har gwiwa. Gayyar azumi ba a dafa mata abincin rana, sai dai da yamma Umma ta dama kunun tsamiya in bi gida-gida ina kaiwa. Kunun nan don tsinkewa har fuskarka kana gani a ciki. Ba wanda ya taɓa cewa uffan. “Ki ce mun gode, Allah ya ƙara buɗi.”

Ni aikina ganye. Tafasa, rama, zogale, duk abin da ya yi kore bai gudu ba sai na tsinko shi. Umma ta dafa ta kwaɗanta da ɗan ƙuli, in babu ƙuli gishiri da barkono. Itacen duk ɗanye ne, ka hura ka hura, hayaƙi ya cika maka ido, wutar ta ce ba ta san zance ba. Da azahar gari ya yi ɗif, wani zafi mai danƙo ya manne maka a wuya, ko ganye ba ya motsi. Can sai gabas ta yi baƙi. Kafin ka kwashe shanya ya sauko. Ɗakin Umma yana yoyo wuri bakwai, kowane wuri da kwanonsa, kowane kwano da muryarsa. In ruwan ya ɗauke da magariba shinge ya fito, ƙwarin nan mai fiffike, mu ajiye fitila a tsakiyar baho, mu kwashe mu soya da gishiri. Ranar mun ci nama ke nan.

Azumina rabi-rabi ne. In na kai azahar na fara ganin bishiya biyu-biyu, sai Umma ta ba ni ruwa ta ce, “Sha, gobe ki yi ɗaya rabin, ni zan ɗinke miki su.” Na daɗe ina leƙa gwangwanin zarenta ina neman inda take ajiye su.

Amma ku san wani abu? Mu yara ba yunwar ce ta fi damunmu ba. Kayan Sallah ne. Ranar kasuwa akwai wani mai tebur da ke baje su tun azumi yana goma sha biyar. Tabarau na roba, ja da kore, in ka sa duk garin ya koma kalar lemo. Agogon da kullum ƙarfe uku yake nunawa, don zana hannun aka yi. Wayar roba mai fitila, in ka danna ta rera wata waƙa da yaren da har yau ban san na wace ƙasa ba ne. Ga allon balan-balan, ka ja lamba a ba ka wadda ta fito, da wata ƙatuwa a sama kamar tulu wadda tun da nake ban taɓa ganin wanda ya ci ta ba. ’Yar maƙwabtanmu kuma tana da kyamarar roba da kakarta ta kawo daga aikin Hajji, ka kanne ido ka leƙa ka ga Makka, ka danna ka ga Madina. Layi muke yi. In kun yi faɗa da ita ranar ba ka zuwa Makka.

Shekarar Umma ba ta ɓoye mana ba. “Bana sai kallo.”

Yaya Sadi ya ce ƙarya ne. Ya zare kara daga dangar bayan gida, ya feƙe ya lanƙwasa ya yi mana tabarau. Ya samo guntun katako ya buga masa ƙusa a ka, ya zana lambobi da gawayi, waya ta samu. Daga nan ya ƙirƙiro tashensa na kansa. Ya sa tsohuwar rigar Baba, ya rataya jakar da ba komai a ciki, wai shi ɗan birni ne ya dawo gida yana neman sabis. Shi yana bayarwa ni ina amshi:

Alo alo, ɗan birni ya sauka,
Ba sabis!
Ya hau turmi, ya hau katanga,
Ba sabis!
Ya hau jaki, jaki ya tafi,
Ba sabis!

Yasin waƙar nan ta yi. Matsalar kawai, duk ranar da muka shirya fita sai ruwa ya sauko. Ranar da muka samu muka fita kuma, gidajen duk irin namu ne. Aka yi dariya har da riƙe ciki, wata tsohuwa ta ba mu gyaɗa ƙwaya biyar, shi ke nan. A hanyar dawowa Yaya Sadi ya ce, “Mutanen nan ba su san daraja ba. Albam za mu fitar.”

To ga inda kaset ya shigo. Akwai waya a garin, amma sabis sai an hau dutsen bayan gari, kuma Baba mutum ne da Allah bai ba shi gajarta magana ba. Har gobe. Yanzu haka in ya turo voice a guruf, minti goma sha ɗaya ne mafi ƙanƙanta, sai ka ajiye waya ka yi wanke-wanke. Don haka a lokacin kaset yake cikawa ya ba direban babbar mota ya kawo. Ranar da ya iso, bayan an sha ruwa, Umma za ta ciro batir daga cikin kwalla, a naɗe cikin ƙyalle kamar zinare, ta sa a rikoda mu zauna. Baba ya gai da kowa da sunansa, ya gai da liman, ya gai da mai unguwa, ya tambayi lafiyar akuya. In kaset ya kai ƙarshe ya yi ƙas, sai Umma ta ce, “Ya ƙare,” ta cire batir ta naɗe.

Kullum haka. Shi ya sa ni da Yaya Sadi muka ɗauka ɗaya gefen ba komai a ciki. Ba wanda ya taɓa gaya mana. Wa zai gaya wa yara irin wannan?

Ranar ashirin da bakwai, bayan la’asar, Umma ta shiga maƙwabta daka, ta bar Walida tana barci. Hadari ya haɗo. Yaya Sadi ya ciro batir, ya juya kaset, ya rubuta sunan albam a jiki, ya danna jan maɓalli da na kusa da shi tare. Muka sa tabarau na kara, don a cewarsa ana jin gayu a murya. Sau uku muna farawa ina fashewa da dariya yana dungure mini kai. A na huɗu muka ɗauke ta tiryan-tiryan. Muna cikin baitin “jaki ya tafi” labule ya ɗaga, sai ga Umma.

Ban manta fuskarta ba. Ba fushi ba ne. Rikodar ta kalla, ba mu ba. Ta ce, “Wane gefe ne wannan?”

Ban san lokacin da na tsinci kaina a waje ba. Muka ruga cikin ruwa, muka maƙale a zauren maƙwabta muna karkarwa har aka kira magariba. Muka dawo muna rarrabe ido, kowa yana tura ɗan’uwansa gaba. Umma ba ta faɗin sunan Yaya Sadi, ɗan fari ne, sai dai “kai” ko “yaron nan”. Ta miƙo masa kunu ta ce, “Kai, karɓi.” Ta miƙo mini nawa. Sai da muka shanye ta ce, ba tare da ta kalle mu ba, “Gefe na biyu nawa ne. Ajiye shi na yi sai daren Sallah.”

Da dukanmu ta yi da ya fi sauƙi.

Ba mu ƙara ganin kaset ɗin ba. Ranar Sallah masara ta yarda, Umma ta gasa mana guda uku, muka ci har da totuwa muna tsotsa. Muka fita yawo da tabarau na kara, ruwa ya jiƙa su suka saki. Baba ya dawo bayan girbi. Da bazara zazzaɓi ya kama Umma, kwana shida, shi ke nan.

Abu ɗaya na riƙe duk shekarun nan: lokacin da na juya zan gudu, jan maɓallin yana ƙasa. Ko ta kashe bayan fitarmu, ko ba ta kashe ba, wannan ne ban sani ba. A kan wannan na je na yi wa marainiya alkawari da manyan baƙaƙe.

Washegari ko aji ban shiga ba. Na hau bas zuwa tashar cikin gari, na canza wata zuwa babban titin Wendover, na fara bin shagunan gwanjo ɗaya bayan ɗaya. Wendover ba a yi ta don mai tafiya a ƙasa ba, balle mai azumi. Motoci suna watsa maka ruwa, shago yana can tsallake kana ganinsa amma sai ka yi tafiyar rabin awa. A shagon farko na nuna wa wani saurayi kaset, ya jujjuya shi, ya tambaye ni wai rigar waya ce? Na ce a raina, Allah ya isa tsakanina da zamani. A na uku na tarar da wani ƙaton kwando cike da ragowar kayan wasan Kirsimeti da ba wanda ya so. Na danna cikin wata ’yar tsana mai jar hula, ta fara waƙa da batir mai mutuwa, murya tana ja kamar mai jin barci. Sak wayar robar mai tebur. Na tsaya ina dannawa ina dannawa kamar wata taɓaɓɓiya, har wata tsohuwar baturiya ta matsa gefe. A ƙasan kwandon na samu rikodar yara, ruwan hoda, har da makirfo. Na rungume ta har gida, na sa sabon batir. Fitila ta kama. Abin juyawar ko motsi.

Na duba intanet, duk wadda na gani sai bayan Sallah za ta iso. Walida kuwa kullum da saƙonta. “Yaya Ruky yau ne?” “Na gaya wa ’yan ɗakinmu fa.” “Muryarta siririya ce ko babba?” Ni da ba a taɓa riga ni amsa ba, na koma tura sitika. A masallaci ana shan ruwa da shinkafa da kaza da sambusa har ana roƙon mutane su tafi da saura, ni ina zaune da faranti a gaba, sai juya cokali nake. Karatu ya tsaya. In kwanta in tashi, in ɗauki kaset in ajiye, in leƙa ’yar tagarsa kamar zan ga muryar a naɗe.

Ranar Asabar, ashirin da takwas, Anti Ladi ta ƙwanƙwasa. Gidanta yana kallon namu. ’Yar Kafanchan ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma tun da na zo unguwar ta ɗauke ni ’ya. Kirista ce, ita ma tana nata azumin na kafin Ista, amma duk Asabar sai ta kawo mini kunun gyaɗa in ajiye na shan ruwa.

“Ke lafiya? Kwana biyu ban ji ihunki ba, har na ce ko kin tashi.”

Na ba ta labari tun daga yaji har jaki. Ta ajiye kwanon ta riƙe ƙugu.

“Amma ke sakarya ce. Kina ta yawo a Wendover, ga Jaki a ƙofar gida?”

Jaki motarta ce. Ta girme ni. Ban taɓa lura tana da wurin kaset ba.

“Sai dai akwai mai gida a ciki,” in ji ta. “Tun da na saye ta wani kaset ya maƙale. Wani bature ne yake waƙar Kirsimeti da muryar agwagwa. Shekara shida ina jin agwagwar nan, ko a watan Yuli.”

Muka shiga mota ruwa yana dukan rufi. Ta tayar, agwagwa ta fara. Anti ta zare tsinken gashinta ta zura, ta haɗa da wuƙar cin abinci, tana lallashi tana zagi, har agwagwa ta yi wani kuka ta fito. Na miƙa mata namu.

“In ta cinye shi fa, Anti?”

“In kin bar shi a ɗaki ma ai ba ki da shi. Kawo.” Ta hure shi, yaji ya tashi, muka yi atishawa tare. Ta ce, “Cikin sunan Yesu.” Na ce, “Bismillahi.” Ta ce, “Yauwa, kowa ya kira nasa. Motar nan tana buƙatar duka.”

Na kunna ɗaukar murya a wayata na kanga a sifika. Shuuu. Sai ga Baba, muryarsa ta samartaka, yana tambayar lafiyar akuya. Anti ta danna wani maɓalli ya juya gefe. Shuuu. Sai wata ’yar ƙaramar murya ta fashe da dariya, wani ya ce, “Ke dalla ki nutsu, batir ne fa!” Ni ce. Mu ne. Anti tana dukan sitiyari tana amshi, “Ba sabis!” Ni kuwa ina ƙirga baiti, don na san abin da ke zuwa bayan jaki.

Ya hau turmi. Ya hau kataaaan…

Muryar ta ja, ta narke, sai wani ƙir-ƙir-ƙir. Anti ta yi wuf ta danna, kaset ya fito da zarensa a waje kamar taliya, wani wurin ya cukurkuɗe, wani wurin ya tsinke.

Ban yi ihu ba. Na ce, “Shi ke nan. Na kashe ta sau biyu.”

“Rufe mini baki. Buɗe wurin nan ki ba ni biro. Da jan farce, yana cikin jakata.”

Ta shimfiɗa zaren a cinyarta, ta yanke inda ya tauna, kamar tsawon ɗan yatsa. Ta ɗiga jan farce ta haɗa bakin biyu, ta danne da farcenta tana hurawa. “Mu da muka yi zamanin kaset ɗin ’yan kwaya? Wanda ya fi wannan mutuwa na tayar.” Ta zura biro a rami ta naɗe a hankali. Minti goma muka jira ya bushe. Ban taɓa ganin minti goma mai tsawon wannan ba, har da na jarrabawa.

Ta mayar. Shuuu. “…ki ya tafi, ba sabis!” Sai ƙarar labule.

“Wane gefe ne wannan?”

Na damƙe hannun Anti. Ita ce. Ko a nan ya tsaya na fita kunya. Ga dirin ƙafafunmu, ga kwano da wani ya yi ƙwallo da shi. Na riƙe numfashi ina jiran ƙas ɗin Yaya Sadi.

Babu ƙas.

Ruwa ne kawai a kan kwano, da ɗis-ɗis na yoyo, kowane da muryarsa. Sai jaririya ta tsala kuka. Takun ƙafa. “Yi shiru, yi shiru Walidata. Sun tashe ki ko? ’Yan banza.” Aka yi wata doguwar ajiyar zuciya. Can sai wata ’yar dariya ta ƙwace mata, ta yi ƙoƙarin dannewa ta kasa. Sai ga Umma, Umman da ko a biki ba ta waƙa, tana jijjiga yarinya tana rerawa ƙasa-ƙasa: “Ya hau jaki, jaki ya tafi, ba sabis.”

Ta tsaya. “La. Ashe abin bai mutu ba.”

Muryar ta matso kusa, har ana jin numfashinta.

“Malam, to ga aikin ’ya’yanka nan. Sadi ne shugaba, Rukayya ’yar amshi. Abin da ka faɗa mini ban ji ba, kwana goma sha biyu ina ajiyarsa. Masara ta kusa, kar ka sa damuwa. In ka dawo ka faɗa da bakinka.” Sai ta juya ga jaririya. “Walida, gai da Babanki. Ce alo. Ce aloo…”

Daga nan muryar ta fara nauyi, tana ja, tana nitsewa. Batir ɗin da muka cinye ne yake ƙarewa. Sai shuuu.

Anti Ladi tana share ido da bakin zani. Ni ina riƙe da waya, saƙon yana nan a shirye, yatsana yana sama ya ƙi sauka.

Anti ta ce, “Yau kuma yatsan ya mutu? Tura mana!”

Na tura. A gida an sha ruwa ke nan, kowa yana kan waya. Minti bakwai suna saurare. Sai Yaya Sadi ya rubuto kalma uku, “Ta faɗi sunana,” ya sauka daga layi.

Walida kira ta yi. Da farko ba na jin komai sai shessheƙa. Can ta ce, “Walidata ta ce. Yaya Ruky kin ji? Walidata.” Ta ja hanci. “Kuma wallahi dariyarki ce. Sak. Ashe duk shekarun nan ina jin ta ban sani ba.”

“To kin ga sai ki fara girmama ni.”

“Allah ya kiyaye,” ta ce, tana kuka tana dariya.

Baba ya saurara, alamar ta nuna. Na jira minti goma sha ɗayansa. Shiru. Baba fa, shiru. Kafin in ankara yatsa ya farfaɗo: “Baba wai me ka faɗa a gefe na biyun?” Na yi salati na kai hannu zan goge. Ina! Ya riga ya gani.

Sai ga voice ya shigo. Sakan huɗu. Na nuna wa Anti don ta zama shaida, sannan na danna.

“Uwata, wannan ba naku ba ne. Na dawo, na faɗa mata.”